Muryar Hansai a Kasuwar Maska

Hansai tana niƙa a tsakar gida, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa kamar yadda ta saba in ba kowa, ashe mijinta Maiwada yana laɓe bayan rumbu da 'yar rikodarsa, yana ɗaukar muryarta a kaset. Waƙar ita ta ƙaga abarta, kuma a ciki take kiran sunansa ɓaro-ɓaro, abin da ko da wasa ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Da ya kunna mata, sai ta rufe fuska da gefen zane, ta ce ya goge don Allah.

"Ba mai ji sai ni," in ji shi. "Hanyar nan da tsawo take, Hansai. Bar ni in riƙa tafiya da ke."

Ta yarda, don tana son sa, shi ma kuma yana son ta. Wannan kam ba wanda ya taɓa musu a kai.

Maiwada dillalin auduga ne. Da zarar kaka ta yi, ba ka ganin sa sai a kan ƙaton babur ɗinsa Honda, yau Ɗanja, gobe Malumfashi. Ya ɗaure rikodar a kan tanki da roba, amma ƙarar inji da iska suka riƙa cinye muryar. Abin ya dame shi, ya kai babur ɗin wajen Adewale mai gyaran rediyo a Funtuwa. Adewale ya sa masa rediyon mota mai cin kaset, ya kafa manyan sifiku biyu cikin akwatunan katako, dama da hagu, ya ja waya zuwa batir. Da ya gama ya ce masa in ya shiga gari ya rage murya.

A daji abin ya yi daɗi. Muryar Hansai ta fito tangaram, har mutumin ya riƙa murmushi shi kaɗai. Sai dai Maiwada akwai son a gani. Ranar kasuwa ce ya shigo Maska, ya ga kowa na waiwaye, ya ɗauka sabon kayansa ake kallo. Maimakon ya rage murya, sai ya rage gudu.

Malam Sanda, mahaifin Hansai, yana rumfarsa yana auna wa wani dawa. Ya ji muryar 'yarsa ta cika kasuwa, tana kiran sunan namiji, tana cewa in bai dawo ba abinci ba ya wuce mata. Dattijon ya ajiye mudu, ya bi ta bayan rumfuna ya tafi gida, ko takalminsa bai ɗauka ba. Kafin la'asar samari sun haddace amshin, mata kuma sun kai shi bakin rijiya.

Abin takaici, ba wanda ya ga laifin mai babur. Uwa, mahaifiyar Maiwada, ta ce ashe zabiya suka auro ba su sani ba. Yayyensa suka ce ya sake ta kafin a fara aiko mata da goron gayyatar biki. Malam Sanda ya aiko aka tafi da 'yarsa, ya rantse ba za ta koma gidan da ake tallan matan aure ba.

Da ya tsare ta ya tambaye ta ko da saninta aka ɗauka, kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, amma ta san kalmar ita ce za ta kashe auren.

"Ni na yi waƙar, Baba," ta ce, hawaye na zuba.

Haka ta zauna, ba ta leƙa ko zaure. Ƙawayenta suka ɗauke ƙafa. In yara sun wuce ta bayan katanga suna rera amshin, sai ta shige ɗaki ta toshe kunne. Ba ta taɓa zagin mijinta ba, ko a gaban mahaifiyarta da ke ta zuga ta.

Labarin amsar da ta bayar ya kai kunnen Maiwada, kunya ta kama shi fiye da ta ranar kasuwa. Ya kwance sifikun da hannunsa. Ya tara dangin biyu a zauren surukinsa, ya durƙusa.

"Malam, ta ce in goge, na ƙi. Na yi mata alkawari, na karya. In akwai wanda za a kora daga garin nan, ni ne."

Uwa ta fita a fusace, ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa. Malam Sanda kuwa ya ƙi mayar masa da matarsa. Maiwada bai fasa zuwa biko ba, kullum ya kashe babur tun daga bakin gari ya turo shi da hannu. Sai da damina ta wuce dattijon ya sa aka ƙone kaset ɗin a gabansa, sannan ya ce ta koma ɗakinta. Haƙurinta ya dawo mata da aurenta, kuma masu yi da ita suka koma suna buga misali da ita.

Da Allah ya ba su 'yar fari, Maiwada ya iske Hansai tana jijjiga jaririyar da ke ta kuka, ita kuwa bakinta gum. Ya roƙe ta ta ɗan yi mata waƙa ko ta yi shiru.

"Na yafe maka tuntuni, maigida," ta ce a hankali. "Amma muryar nan ka rabar da ita a kasuwa, ba ta dawo ba."

Abin da masoyi ya ba ka a ɓoye amana ce, ba kayan ado ba. Haƙuri yana maido da aure, amma ba komai yake maidowa ba.