Libarbar da Aka Ci Zalinta

"Kowa ya kwanta!"

Jurema ce ta daka tsawar. Ranar Lahadi ce da tsakar rana, nama na kan garwashi a gidan gonar Seu Arlindo. Tsohon ya kwanta rubda ciki. Matarsa, Dona Zilá, ta ce gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, sai dai a harbe ta a zaune.

Su uku suka zo. Jurema ce shugaba, mijinta Neco yana waje cikin mota. Yayanta Valdomiro kuwa an kawo shi ne ya duba kaya, don wani attajiri a ƙetaren iyakar Uruguay yana son libarbar tsohon, wata bindigar hannu ta da, kuma ba ya son jabu. Valdomiro ya tsufa yana goge ƙarfen bindiga da hannu, har masana'antar ta kawo injuna ta sallame shi. Abin da Jurema ta manta shi ne, mutumin ya fi tausayin ƙarfe a kan ɗan Adam.

Ya buɗe akwatin libarbar. Shuɗin ƙarfen ya zauna sumul, ko ƙwarzanen inji babu. Ya zazzage harsasan, ya ja kunamar, ta bi yatsansa kamar man shanu. Sai ya taɓa gangar da ake zuba harsashi. Ta yi rawa.

"Wa ke rufe gangar nan da wurgi?"

"Surukina," in ji tsohon daga ƙasa. "A fim ya gani."

"Kuma ka bar masa 'yarka?"

"Na yi magana har na gaji, ɗan'uwa."

"Yaya, jefa ta a jaka mu ware," in ji Jurema.

"A haka? Ramin harsashi ya kauce wa bututu. Ni ba na kai wa mutane gurguwa. Baba, tashi ka miƙo min sukundireba."

Tsohon ya tashi da saurin da ko likitansa bai san yana da shi ba. Suka shimfiɗa tsumma kusa da nama, suka haɗa kai. Dona Zilá, wadda tuni ta latsa wa 'yan sanda waya a ƙarƙashin zane, ta cika ƙoƙon shayin mate ta miƙa wa baƙo. To, a nan ƙasar ko shaiɗan aka miƙa wa ƙoƙon nan sai ya zuƙe shi har ya yi ƙara kafin ya mayar. Valdomiro ya zuƙa. Ta sake cikawa.

A can kan hanya, Saja Belmiro na 'yan sanda ya ajiye cokali, ya kunna jiniya, yana zagin duk wanda ke fashi lokacin cin abinci.

"Yaya, jiniya ce fa!"

"Kar ki girgiza tebur, sukurun nan ƙarami ne."

Jurema ta dubi yayanta, ta dubi libarbar da aka warwatsa gunduwa-gunduwa. Ta fizge sarƙar wuyan Dona Zilá, ta zare makullin ƙofar gidan.

"Sai ka zauna ka aure ta," ta ce.

Ta kulle shi daga waje, don 'yan sanda su samu abin da zai tsayar da su. Mota ta tashi — ƙura — kwana — gada! Motar Saja ta tare gadar. Neco ya zaro tsohuwar bindigarsa ta kasuwar bayan fage, wadda Valdomiro ya sha gaya masa ko kare kada ya nuna wa. Ya ja kunama — tau! Bindigar ta fashe a hannunsa. Yatsu biyu suka riga shi faɗawa kogi.

Valdomiro ya ji ƙarar, kuma ya gane bindigar. Katangar baya gajeriya ce, bayanta gonar masara, da ya tsallake da ya sha. Ya dubi katangar. Saura sukuru ɗaya, kuma tsohon ba zai iya ɗaure shi daidai ba.

Ya ɗaure sukurun. Ya tura gangar da babban yatsa a hankali, ta shige. Suka kasa kunne su biyu. Ƙyas. Ba rawa, ba motsi. Idon Seu Arlindo ya ciko da ƙwalla.

Nan aka ɓalle ƙofa. Valdomiro ya miƙa libarbar da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri.

"Ranka ya daɗe, a hankali. Yanzu aka gyara ta."

Saja Belmiro ya buɗe gangar ya ga ba harsashi. Ya murza ta, ta yi ta juyawa. Sannan ya karkaɗa hannu ya rufe ta da wurgi — ƙaras!

Neco ya rasa yatsu, Jurema ta rasa yaya, dukkansu ukun sun rasa shekarun da alƙali ya ga dama. Valdomiro bai yi kuka a kan ko ɗaya ba. Amma a ranar, da aka tura shi bayan mota da ankwa, kuka yake wiwi a kan libarbar, Seu Arlindo na biye da motar a ƙafa yana tambayarsa ranar da ake barin ziyara a kurkuku.