Abin da Ke Bayan Gauraka

Da la'asar sakaliya Bappa Hamajoda ya goya ɗalibarsa Astajam a babur suka nufi bakin kogin Binuwai, don kawai ya nuna mata yadda ake saita kyamara.

Duk Garwa babu mai ɗaukar hoton daji da bai taɓa shan kunya a hannun Bappa ba. Shekara talatin yana bin dorina da tsuntsaye, da idonsa yake ci, da shi kuma yake taƙama. Ran Asabar masu koyo kan baje hotunansu a teburin shagonsa, shi kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yanka. Bakinsa ba daɗi, amma ba ya kuskure. A wannan Asabar ɗin hoton Astajam ya ɗaga, na wata gauraka tsaye a fadama.

"Wannan gauraka ce ko hayaƙi? Ina jan wuyanta? Ina ruwan gwal na tukkunta? Haske da inuwa duk kin dama su kamar kunu. Tsuntsuwa dishi-dishi, ciyawar bayanta kuwa tar!"

"Bappa, sau goma na saita. Kyamarar ce ke tsallake ta, ta kama baya."

"Kyamara ba ta da laifi, 'yar nan. Tashi mu je."

Sali mai kwalekwale ne ya tsallaka da su. Da ya ji inda za su, sai ya sassauta tuƙi.

"Fadamar can? Bappa, mu masunta kallo ɗaya muke mata mu kau da kai. Ba a ƙura wa wurin ido."

"To mu ƙura ido ne sana'armu," in ji Bappa, yana dariya.

Fadamar na warin laka da ruɓaɓɓen kifi. Kwaɗi na ta kuka. Ga gaurakar nan tsaye, rana ta bayanta tana shirin faɗuwa. Bappa ya durƙusa ya ɗora ido a kyamara. Ɗan koren akwatin saiti na cikin kyamarar, wanda ke nemo idon dabba da kansa, ya sauka kan tsuntsuwar, sai ya yi tsalle ya koma cikin ciyawa. Bappa ya dawo da shi. Ya sake komawa.

"Ka gani?" Astajam ta ce ƙasa-ƙasa.

A nan ya kamata ya haƙura. Amma mutumin da ya saba gyara wa kowa ba ya iya barin abu dishi-dishi. Ya kama zoben gilashin da hannunsa, ya fara murzawa a hankali, yana neman abin da akwatin ya gano.

Kwaɗin suka yi tsit.

Wani wari ya taso, irin na jiƙaƙƙiyar toka.

A cikin gilashin koren ciyawa ya koɗe. Jan sararin sama ya koma fari-fari. Ya ƙara murzawa kaɗan. Sai ga fuskar mace, doguwa, fara fat, a tsugune tsakanin ciyayi. Gefe take kallo.

"Bappa, sauke."

Yatsunsa suka ƙi sakin zoben. Saura ƙiris ta fito sosai. Ya murza ƙiris ɗin.

Ta juyo.

Idonta ba ya ƙiftawa. Muryarta kuwa a gindin kunnensa ya ji ta, da sanyin numfashi.

"Na fito?"

Astajam ta doke kyamarar ta faɗa ruwa, ta finciko rigarsa. Suka ruga cikin laka, takalmansa suka tsaya a can. Sali ya tuƙa kansa a sunkuye, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, bai waiwaya ba har suka taɓa gaɓa.

Sun tsira, kowa ya yi hamdala.

Da gari ya waye Bappa ya buɗe ido bai gane matarsa Dudu ba, sai da ta yi magana. Fuskarta ta zama inuwa kawai. Bango, tabarma, kofin shayi, duk launin toka, duk dishi-dishi. Likitan ido a Garwa ya ce lafiya lau yake. Na Yawunde ma haka ya ce. Malamai sun yi tofi har sun gaji.

Abu ɗaya yake gani tar: matar nan ta fadama. Da farko can bakin ƙofar gida take tsugunawa, 'yar mitsitsiya. Bayan wata guda ta iso gindin mangwaron tsakar gida. Da damina ta sauka, tana bakin tabarmarsa.

An rufe shagon. Astajam ta sayar da kayan aikinta, takan dai zo gaishe shi, ta zauna tana kuka ba sauti.

Rannan da hantsi Bappa ya ce wa Dudu ya haƙura da idon, ta samo baƙin ƙyalle mai kauri ta ɗaure masa. Ta ninka shi huɗu, ta ɗaure tamau.

"Ta tafi?" in ji Dudu.

Ƙyallen ya fara jiƙewa da hawaye.

"A cikin baƙin ta fi fitowa."