Fatalwa Mai Bin Gefen Bango

Da sassafe mai shara ta tsinci uwar masauki, wadda kowa ke kira Inna, kwance a gindin bene da karyayyen ƙugu. Abu ɗaya take maimaitawa: fatalwa ce.

Masaukin ya girmi kakan kowa a garin, kuma an daɗe ana cewa wata mai fararen kaya tana yawo a samansa. Sufeton 'yan sanda ya iso ransa a ɓace. Ya tsani labarin fatalwa, don duk wadda ya taɓa kamawa tana da takalmi da dangi.

Ya hau bene. Jan kafet ya bi tsakiyar barandar, tsaf da shi. A siririn simintin da ke gefen bango kuwa ga sawun farar hoda, manyan ƙafafu, daga ɗakin ajiya zuwa ƙofar Inna.

Ya fara da mai gadi.

"Ina kake?"

"A ɗakina, yallaɓai. Na ji ihu na sa sakata."

"Kai ake gadi ke nan. Tashi ka ba ni wuri!"

Mai wanki ya ce zanin gado ɗaya ya ɓace. Sufeto ya dubi sandar da mai wankin yake dogarawa, ya ga ƙafarsa ɗaya ce, ya sallame shi.

Sai babbar 'yar Inna, manajar masaukin, ta hawo da ƙanenta Auta. Sufeto ya tsaya yana kallonsu. Ma'aikata sun yi ta taka kafet, amma su biyun nan gefen bango suka biyo, ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya hana ku taka shi?"

"Sabo ne," in ji manaja. "Marigayi Baba ya ce kafet na baƙi ne. Ɗan gida ya taka, ya sha bulala."

"Akwai mai son a sayar da gidan nan?"

Ta juya ta dubi ƙanenta.

"Auta, cire takalminka ka taka nan," in ji Sufeto.

Ƙafar ta zauna cikin sawun kamar an auna.

"Baƙo ko ma'aikaci kafet zai bi, ya fi ɓoye ƙarar tafiya," in ji Sufeto cikin fushi. "Ɗan gida ne kawai zai rakuɓe, kuma ƙafar yayarka ba ta kai haka ba. Ka shafa hoda, ka yafa zani, don ka kori uwarka daga gidanta."

"Tsorata ta kawai na so yi, ta yarda mu sayar. Ban san za ta faɗi ba."

"Da ta faɗi, ka ɗaga ta?"

Auta ya sunkuyar da kai. Yayarsa ta ɗauke shi da mari.

A asibiti Sufeto ya zauna kusa da gadon Inna.

"Mun kama shi, Inna. Autanki ne."

Ko gezau ba ta yi ba.

"Kin sani ke nan?"

"Ni na koya masa tafiya, ɗan nan. Zan kasa gane takunsa?"

"Ya bar ki a ƙasa har gari ya waye! Faɗi haka a gaban alƙali."

Ta juya fuskarta ga bango, hawaye na bin kuncinta.

"Rubuta abin da na ce tun farko. Fatalwa ce."