Tambaya ta Sha Huɗu

Tun da hantsi Auta take zaune a falo ta yi tagumi, biro a hannu, fom ɗin neman lasisin aikin jinya a kan cinyarta. Ta cike komai tsaf, sai tambaya ta sha huɗu ce ta tsaya mata a wuya: "Kotu ta taɓa samun ki da laifi?"

"Ke, rubuta a'a mu huta!" in ji Umma, tana ninke wanki. "Abin da ya shekara shida, wa zai tono? Ki rufa mana asiri."

Abin da ya faru kuwa, tana 'yar shekara sha tara ciwon daji ya ci ƙarfin Abbanta, har yana kuka kamar yaro. Ta zari takardar likita a asibiti, ta kwaikwayi sa hannunsa, ta je sayen allurar kashe zafi. Mai kemis ya gane. Wata uku ta yi a gidan yari, kafin ta fito Abba ya rasu.

Ga kuma inda gizo ke saƙar: wanda zai tsaya mata shaida a ƙasan wannan shafin zai sa hannu. Wadda ta yarda ta tsaya kuwa Yaya Sista ce, babbar nas, yayar Tela, saurayin Auta da saura wata biyu aurensu. Ita ta raine shi, maganarta ce magana a gidansu.

Tela ya yi sallama, farar rigar aikin da ya ɗinka mata a kafaɗarsa. Shi ya san komai, tun ranar da ya ce yana son ta ta faɗa masa.

"Ya zan yi?" Auta ta tambaye shi.

"Rubuta abin da za ki iya maimaitawa a gaban kowa. Ni ina nan."

"Sori Umma," ta ce, ta rubuta e. Ta haɗa da wasiƙar bayani shafi biyu.

Washegari a ofishinta Yaya Sista ta gyara gilashi ta karanta, sai ta ajiye biro.

"Takardar likita? Kuma ni zan sa hannu a damƙa miki makullin akwatin magani? Ba da ni ba! Maganar aure ma a jingine ta."

Auta ta fito tana kuka har ta manta wasiƙar a kan tebur. Kai, ranar ta ga tashin hankali! Umma ta yi ta faɗa: "Kin kashe kanki da hannunki, ba lasisi, ba miji!" Dangin Tela suka sa shi gaba kwana da kwanaki, shi kuwa magana ɗaya yake maimaitawa: "Yaya, ban taɓa yi miki musu ba. Amma yarinyar nan ba ta yi mini ƙarya ba, ba zan gudu don ta ƙi yi wa wasu ba."

Tsohuwar malamarta ce ta tsaya mata shaida. Bayan sati biyar kwamitin ba da lasisi ya kira ta. Tela ya raka ta har bakin ƙofa, ta shiga ita kaɗai.

Shugabar kwamitin ta ɗago wata takarda. "Wannan daga kotu take, tun kafin fom ɗinki ta iso. Kowa muna bincikarsa. Da kin ce a'a, da kin rasa aikin nan har abada." Ta ajiye takardar. "Za mu ba ki lasisi, amma shekara guda sai a ƙarƙashin wata babbar nas da ta yarda ta sa miki ido. Kina da ita?"

Ba ta da kowa, don malamarta ta yi ritaya. Aka ba ta sati biyu ta nemo.

A kwana na uku, tana shara a tsakar gida, sai ga Yaya Sista da kayan aikinta, wasiƙar nan a hannu duk ta yamutse don karatu.

"Shekara ashirin ina aikin nan," ta ce, ba ko murmushi. "Nas mai kuskure ba ta ba ni tsoro kamar mai ɓoye kuskurenta. Har yanzu ban ce kin yi daidai ba."

"Ban yi ba, Yaya."

"To, kawo takardar in sa hannu. Kai kuma Tela daina leƙe, shigo ka ji ranar aurenka!"

Umma ta fashe da kuka tana dariya lokaci guda.

Ranar da shekara ta cika, Auta na tsaye a ɗakin marasa lafiya cikin farar rigar da mijinta ya ɗinka, Yaya Sista ta zare makullin akwatin magani daga wuyanta ta rataya mata. "Riƙe, ƙanwata, zan je in huta."

Ku da kuke tasowa, ku ji: laifin jiya bai hana Auta komai ba, ɓoye shi ne da ya raba ta da komai. Ta faɗi gaskiya, ta yi haƙuri da zafinta, ga makulli a wuyanta.