Hanyar da Ta Ƙare a Bakin Shafi

Rana na gab da faɗuwa suka baro gidan yayarta, shi a sitiyari, ita a gefensa da littafin taswirar hanyoyi a cinya. Kwandasta yake ce mata, don tun da suka yi aure ba ta taɓa shiga mota ta rufe baki ba. "Dama, Malam. Hagu, Malam. Ka wuce, sai ka juyo." Mace ce da ko kasuwar da ba ta taɓa takawa ba ka jefa ta, sai ta fito ta ƙofar da ta shiga. Littafin nan kuwa ji take da shi kamar ɗan cikinta, saboda mijinta ke zana shi. Aikinsa ke nan a maɗaba'a, kowace shekara ya gyara hanyoyi a fitar da sabon bugu.

Shi dai ya san abin da ita ba ta yarda da shi ba. Kafin tawada ta bushe, masu kwalta sun riga sun sauya shawara. Littafin bana, hanyoyin bara ne a cikinsa.

Haka kuwa aka yi. Babbar hanyar da littafin ya nuna a miƙe, suka tarar an gitta mata ganguna, an rushe gada, motocin aiki na tsaye ba kowa a ciki.

"Yau littafinka ya sha ƙasa," ta ce tana dariya. Ta lashi yatsa ta juya shafi. "Kwantar da hankalinka. Koma baya kaɗan, akwai wata 'yar siririya a dama, bayan tankin ruwa."

Ya gaji, bayansa na ciwo, kuma ya saba bin bakinta ba tambaya. Ya juya kan mota. Ga tanki, ga hanya. Ya shiga.

Kwalta sumul, ko rami ɗaya babu. Ba gida, ba allon hanya, ba ko tsuntsu. Tun yana jin daɗin tuƙin, har hancinsa ya fara ɗauko wani wari da ya sani sarai, warin ɗanyar tawada, irin na ɗakin injin bugu. Ya kasa kunne. Tayoyin ba sa ƙarar da suka saba. Wani ƙaf-ƙaf suke yi, kamar ana juya takarda.

"Miƙo littafin in gani," ya ce.

Ta ɗora yatsa a kan layin. Nan take ya gane shi.

Masu zanen taswira suna da wata dabara. Sukan ƙirƙiro 'yar hanyar ƙarya su ɓoye ta a lungun shafi, don in wani kamfani ya kwafi aikinsu a kama shi dumu-dumu. Tarko suke ce mata. Wannan shi ya zana ta da hannunsa shekarun baya, yana zane yana hira da abokan aiki. Kowace shekara ana gyara komai, ita ba a taɓa ta. Bai taɓa gaya wa matarsa ba, don yana jin daɗin yadda take cika baki da littafin a gaban danginta. Kuma bai yi wa hanyar ƙarshe ba. Ya ja ta har bakin shafi ya ɗage hannu, a shafi na gaba babu ita.

"Kwandasta," ya ce a hankali, "wannan hanyar babu ita a duniya."

"To a kan me muke tafiya?"

Ya taka birki ya waiga. Babu tanki, babu mahaɗa. Wani farin abu ne ya rufe bayansu, fari fat, yana matsowa. Dole ya yi gaba.

Sai ga motoci a gefen hanya, a jere, tsofaffi da sababbi. Cikin kowace akwai mutum a zaune, kai a sunkuye kan littafi. Ya gane bangon kowanne, ga shuɗin bara, ga jan bara waccan, ga wani kore na farkon kama aikinsa. Ba wanda ya ɗago. Shafi kawai suke juyawa, gaba, baya, gaba.

Duka shi ya kawo su nan.

Kwalta ta ƙare. Yankewa ta yi tsaf, kamar an sa almakashi.

A bakin yankewar wani dogo na tsaye. Motar ta mutu da kanta. Bai ga takunsa ba, sai ganinsa ya yi a tagar matarsa, ya tanƙwaro. Fuskar shafaffiya ce, ba ido, ba hanci.

Muryar ta fito kamar ana yaga takarda.

"An yi hanya ba mai ita, muka zauna. Wa ya nuna muku ita?"

Mijin ya kai hannu zai toshe wa matarsa baki. Ya makara.

"Ni ce," ta ce, don ba ta iya ƙarya ba.

"Mai nuni shi ke zama."

Kanta ya sunkuya kan littafin.

"Kwandasta!"

Ba ta ɗago ba.

"Maman yara, dube ni!"

Yatsanta ya fara neman gefen shafi.

Ya ja littafin, ta riƙe gam, hannunta sanyi ƙalau. Ya danne shafin da tafinsa kafin ta juya. Ya zaro biro daga aljihu.

Ina zai kai layin? Tsohuwar hanya a rushe take. Sabuwar da ake yi a madadinta kuwa ba ta shiga littafi ba tukuna. Amma ya ga tsarinta a kan teburinsa, cikin gyaran baɗi. Ya rufe ido ya tuno. Ta bi gabas da layin dogo, ta lanƙwasa.

Ya ɗora biro inda layin ya yanke. Biron ya ƙi. Ya hura masa numfashi, ya danna har takarda ta kusa hujewa.

Layi ya fito.

A gaban motar, cikin farin nan, wata baƙar kwalta ta miƙe, karkatacciya, da ƙyar ta kai faɗin mota.

Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari. Ya sake.

Ta tashi.

Dogayen yatsu suka bi gilashin gefenta, ƙiiii, har ƙarshen mota.

Bai waiga ba, sunan Allah kawai yake kira, har hon ɗin wata babbar mota ya daki kunnensa. Ga fitilu, ga warin sabuwar kwalta da hayaƙi. Matarsa ta ɗago ta ce ƙishirwa take ji. Ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka kamar yaro.

Sai da suka isa gida ta tsaya a tsakar falo, jaka a hannu, tana dube-dube.

"Malam, ta ina ake zuwa ɗakinmu?"

Likitoci sun duba, ba su ga komai ba. Ta san 'ya'yanta, ta san girkinta, tsokanarta ma na nan. Hanya ce kawai ta bar kanta, ko daga gado zuwa ƙofa. A maɗaba'a ya ƙi yarda a goge tarkon, don tsoron kada a rufe shi a kan waɗanda ke ciki, da abin da ya rage nata a can. Mafita ya zana masa a sabon bugu, yana ta jira ko za su fito.

Kafin nan, kowace safiya yakan durƙusa da alli ya ja mata layi a ƙasa, daga ɗaki zuwa kicin, daga kicin zuwa banɗaki, kowanne sai ya kai shi har inda za shi. Wani lokacin ƙafafun yara kan share wani wuri. Idan ya dawo aiki da yamma, nan yake samunta a tsaye, daidai inda allin ya yanke, tana jiransa.