Mai Magana Na Sha Huɗu

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun safe, irin wanda ke jiƙa mutum bai ankara ba. Tsohuwar motar Hedimasta ta tsaya gaban rumfar faci da taya ɗaya a kwance, 'yarsa ce ke tuƙi.

Mai Faci ya fito yana goge hannu da tsumma. Saurayi ne dogo, ya bar makaranta a aji uku na sakandare lokacin da ciwo ya kwantar da babansa, bai sake komawa ba. Ya tsoma tayar a bahon ruwa yana juyawa, bakinsa kuwa bai huta ba. Yana zolayar wani direba, yana ba mai wankin mota amsa, har kumfa ta taso.

"Ga ɓarauniyar," ya ce, ya zaro ƙusa.

Ita ba ƙusar take kallo ba. "Malam, za ka yarda in ɗauki maganarka?"

"Ki kai ta ina?"

Ta yi masa bayani. Nazarin harshe take karantawa a jami'a, shekarar ƙarshe. Tana naɗar hirar mutane yadda suke yin ta, ta rubuta a kwamfuta, sai manhaja ta ƙirga wace kalma aka fi faɗa, wace ke yawan zama kusa da wace. Rumbun magana suke kiran abin. Ta miƙa masa takarda. Ba za a sa sunansa ba, lamba za a ba shi, ba wanda zai gani sai masu aikin, kuma duk ranar da ya ce a cire maganarsa za a cire.

"Ko ana gobe jarrabawarki?"

"Ko ana gobe."

Ya sa hannu, baƙin mai ya ɓata gefen takardar. Shi ne mutum na sha huɗu.

Daga nan ƙaramar na'urarta ta naɗar murya ta samu mazauni a kan kantar rumfar, tsakanin gwangwanin gam da ma'aunin iska. Sauran mutanen awa bibbiyu ta naɗa ta sallame su. Nasa ya ƙi ƙarewa. Shi ya sa mata suna Ƙirgau, ita kuma ba ta kiransa sai Sha Huɗu.

"Ƙirgau, yau wace kalma ce ta yi nasara?" ya rubuta mata wata rana.

"Haƙuri. Sau ɗari uku da bakwai ka faɗe ta. Kai da ba ka da shi."

"Kwastomomi nake ba. Nawa na ajiye miki, na babanki ne nake tarawa."

"Tara da yawa, Sha Huɗu. Jan biro yake kwana da shi."

Akwai wani ɗan ajinsu, Mai Tabarau, gwanin lissafi, shi ke taya ta gyara manhajar idan ta rikice, don haka yana da mabuɗin rumbun. Hedimasta yana son sa, har ya fara ce masa "ɗana". Da Mai Tabarau ya ga Lamba 14 ya cinye kashi ɗaya cikin uku na rumbun, bai buƙaci lissafi ba ya gane soyayya ce, shi kuwa ya daɗe yana son ta. Ya sa manhajar ta nemo masa duk inda Lamba 14 ya yi zagi. Layi goma sha biyu suka fito. Ya buga su a takarda ya kai gidan.

Ranar da Mai Faci ya je gaida Hedimasta a matsayin mai neman 'yarsa, ya sa rigarsa mafi kyau, ya kankare farce har suka yi ja. Tsohon bai ce ya zauna ba. Takarda ya miƙa masa. A sama an rubuta: Lamba 14, namiji, mai faci, bai kammala sakandare ba. A ƙasa zagi goma sha biyu, kowanne an zagaye shi da jan biro.

"Wannan bakin ne zai tarbiyyantar da jikokina?"

Mai Faci ya karanta har ƙarshe. Ya ninke takardar ya ajiye a kan tebur.

"Bakina ne, Baba, ban musa ba. Amma ba da kai nake magana ba lokacin."

Ya fita. Kafin ya kai bakin titi ya tura mata saƙo.

"Kin ce ba mai gani. Ashe ni ƙusa ce da kika tsinta kina nunawa. Takardarki ta ce zan iya janyewa. Na janye. Ki cire maganata duka."

Saura sati uku ta kare aikinta gaban malamai. Ta kai saƙon ofishin Farfesa, malamar da ke duba aikin.

"Kin san abin da ya rage ba zai isa ba," in ji Farfesa. "Bana ta wuce ki. Ki je ki roƙe shi."

"Ba zan roƙe shi ba, ranki ya daɗe. Maganarsa ce."

Mai Tabarau ya tare ta a ɗakin kwamfuta. "Ki canza masa lamba kawai. Wa zai sani? Mai faci ne fa, ba zai zo ya duba ba."

"Shi ya sa ka kai wa Baba takardar?"

A gabansa ta canza mabuɗin, ta goge naɗin Lamba 14 na kwamfutar, ta goge na ajiyar jami'a, ta ciro na jakarta ta goge. Sannan ta rubuta wa Farfesa yadda takardar ta fita, ta sa har da nata laifin na barin mabuɗi a hannun wani.

A gida ta samu mahaifinta yana karanta jarida. Ta durƙusa, amma muryarta ba ta durƙusa ba.

"Baba, shekara talatin kana duba jarrabawa. Ka taɓa kayar da yaro a kan layi ɗaya ba ka karanta sauran takardar ba?"

"Ban taɓa ba."

"Layi goma sha biyu aka zaɓo maka cikin dubu goma sha takwas. Da ni na kawo wa Farfesa irin wannan a matsayin hujja, kora ta za ta yi."

Ya sauke tabarau. "To kawo sauran in karanta."

"Na goge. Mai ita ya ce a goge."

"Da karatunki?"

"Da karatuna. Sauran tana can inda na samo ta, in kana so."

Mama ta leƙo daga kicin. "Malam, kai ka koya mata taurin kan nan, kada ka kalle ni."

Washegari Ƙirgau ta je rumfar. Mai Faci yana dukan taya, bai ɗago ba. Ta buɗe kwamfutar a kan benci ta nuna masa lambobin: sha uku, sai sha biyar. Ta ajiye takardar ɗage karatunta a gefe, ta gaya masa wanda ya kai wa babanta zagin.

Ya kalli gurbin lambarsa. "Shekara guda kika zubar?"

"Kai ka ce ko ana gobe."

"Da kin zo kin ce in yi haƙuri, ai da na yi."

"Da na zo, da har abada kana zaton na'urar ce ke son ka." Ta juya masa jakarta, babu komai a ciki. "Yau ban zo da ita ba. Yi magana."

Mai Faci ya ajiye tayar, ya zauna kusa da ita a kan benci.

Bayan kwana biyu motar Hedimasta ta tsaya gaban rumfar, shi da kansa a ciki. Ya ce tayar baya tana shan iska. Mai Faci ya cire, ya juya ta cikin baho sau uku.

"Baba, tayarka lafiyarta lau. Ba abin da zan taɓa."

"To zan huta kaɗan."

Hutun ya kai kwana uku. Kullum yana kan benci da jarida a buɗe, shafin bai taɓa juyawa ba. Ya ji yadda ake lallashin tsohuwar da kekenta na ɗaukar kaya ya lalace. Ya ji Mai Faci yana kiran waya da rana yana tambayar ko babansa ya sha magani. A rana ta uku wani direban motar 'yan makaranta ya zo da tayar da ta cinye har waya ta fito, ya ce a liƙa masa kawai yana sauri. Mai Faci ya ƙi, direban ya nace, sai zagi na goma sha uku ya fito daga bakin Mai Faci, ya fi na takardar zafi.

Da direban ya tafi sayo sabuwa, Hedimasta ya ninke jarida.

"Wannan kalmar ba ta dace ba."

"Ba ta dace ba, Baba. Amma gobe in ya dawo da tayar nan da yara a ciki, zai sake jin ta."

Tsohon ya miƙe. Ya zaro jan biron daga aljihu, ya juya shi, ya ajiye a kan kantar nan inda na'urar ke zama.

"Ka turo manyanka. Ka kuma rage ta gaban jikokina."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Hedimasta ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai faɗin gaskiya, Mama ta ce amin tana share ido. Da yamma angon ya ce wa amarya ta kawo sabuwar takarda ya sake sa hannu.

"Miji ba ya shiga rumbu, Sha Huɗu. Abin da za ka faɗa daga yau nawa ne ni kaɗai."

Abin da aka rasa shi ne naɗin murya na awa talatin da ɗaya, kalma dubu ɗari biyu da goma, shekara guda ta karatu, abokin aji ɗaya, da jan biro ɗaya da mai shi bai dawo ɗauka ba.