Hoton da Ba a Wanke Ba

A shekarar da jam'iyyu suka cika Gazawa da tutoci, babu wanda ya kai Inusa mai hoto aiki, domin kowa na neman hoton katin zaɓe. Ya ɗauki rabin garin, har da waɗanda ba sa ga-maciji da shi. Amma matarsa Shatu sau ɗaya tak ta yarda ta tsaya gaban kyamararsa, a garkar bayan gida, tana riƙe da kwandon yakuwa tana dariya. Bayan sati uku aka binne ta.

Hoton yana cikin kyamarar, ba a wanke ba. Sai fim ya cika ake kai shi Maraɗi, shi kuwa Inusa ya rantse fuskar wani ɗan Adam ba za ta hau fim ɗin Shatu ba. Don haka kullum da la'asar sai ya shiga garkar, ya durƙusa yana ɗaukar ƙwari: fara a kan ganyen kuɓewa, mazari a bakin randa, buzuzu yana fama da kashin jaki. Maƙwabta suka ce baƙin ciki ya taɓa shi. Ba su yi ƙarya ba.

Ran nan, saura hoto biyu fim ya cika, ya makara har ana kiran magariba. A kogon tsamiyar da ke ƙarshen garkar ya ga wani gizo-gizo fari fat, ɗan ƙarami, zaune tsakiyar saƙarsa. Ko bismilla bai yi ba, ya danna. Haske ya walƙa. Da idonsa ya washe, saƙar tana nan, gizon babu. Tsuntsayen tsamiyar suka yi tsit.

Bai gama alwala ba dutse na fari ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya biyo, na uku ya fasa tulu. Ya leƙa bayan katanga, ba kowa. Haka aka yi kwana uku, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu ya tarar da 'yarsa Hamdiya, ita kaɗai Shatu ta bar masa, tsugune gindin tsamiya da kayan lakol, wato na makaranta, a jikinta, tana tattara zaren gizo tana cusawa a baki. Ya kira sunanta. Ta juyo, amma ba ita ta dube shi ba.

Washegari ya hau mota zuwa Agiye, ya zo da Malam Haladu, tsoho mai ƙarancin magana wanda aka sani da wannan aiki. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a garkar, ya turara habbatus-sauda, ya dafa kan yarinyar ya kama karatu. Can Hamdiya ta sandare, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta, a shaƙe.

"Bar ƙona ni, Malam. Ba ni na fara ba."

"Wace ce ke? Mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Tun ba a gina gidan ga ba nike cikin tsamiyar nan. Tambayi ubanta mi ya yi ran Talata da magariba."

Inusa ya ce, "Hoto na ɗauka, wallahi hoto kaɗai."

"To ka ji, da bakinshi. Ɗauka ya yi. Ɗiyata ce ya ɗauka, tana cikin baƙin akwatin nan tana kuka cikin duhu. Ɗiya a bakin ɗiya. In rana ta faɗi yau, ni ma na ɗauka."

Malam ya ɗaga murya da karatu har ta yi ƙara, sannan ya ce, "In an maido miki taki?"

"In tahi, in bar tsamiyar ma. Ya buɗe, ya zaro abin da ke ciki, rana ta gan shi."

Inusa ya san abin da rana ke yi wa fim: duk hoton da ke kai sai ya ƙone, har da na Shatu. Ya roƙa a ba shi kwana ɗaya ya kai Maraɗi a wanke, a yanke na gizon a ba ta. Tsohuwar ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ka tsoma min ɗiya cikin ruwan guba? Dubi rana, mai hoto."

Ya duba. Ta riga ta sauka kan rumbunan maƙwabta, ja wur. Tausayin kansa ya kama shi, ya ji kamar yau ake fita da gawar Shatu. Ya buɗe bayan kyamarar, ya kama bakin fim ɗin ya ja, ya ja, har ya zube a ƙasa kamar hanjin kaza. Wani ɗan farin abu ya gangara kan yatsansa, ya bi ƙasa ya shige kogon.

Hamdiya ta yi atishawa sau uku, ta faɗi kan tabarma. Ko dutse ɗaya bai sake faɗowa ba.

Da ta farfaɗo ta sha ruwa, sai idonta ya kai kan baƙin fim ɗin da ke kwance cikin yakuwa.

"Baba, hoton Inna hwa? Ka ce in an wanke za ka ba ni."

Inusa ya daɗe yana kallon fuskarta, goshin nan da wushiryar nan, sak na Shatu. Ya ɗauki buta ya zuba ruwa a tafinsa, ya wanke mata fuska a hankali.

"Ga shi nan na wanke," ya ce.